Jirgin Chaibu a Cikin Yakuwata

Ƙanena Chaibu ba ya roƙo, ba ya tambaya. Bai taɓa ɓoye wannan hali ba, har taƙama yake yi da shi. Yana ɗan shekara bakwai innarmu ta gane shi, ranar da ya cinye tuwonsa gaya don kada ya ce a miƙo masa kwanon miya da ke bayansa. Da ya girma ya zama direban kamiyo, babbar motar kaya, ya taɓa yin wuni biyu yana yawo da buhunan shinkafa a cikin Kwatano yana neman wata unguwa, ga mutane cike da titi, bai tsaya ya tambayi ko ɗaya ba. In an ce masa wannan wauta ce, sai ya ce, "Ina da ido, ina da kai. Mi zan tambaya?"

Ni ce yayarsa, Tahira, na girme shi da shekara biyar. Na yi kolej a nan Maraɗi, na yi shekara talatin ina buga takardu a wani biro, wato ofis. Da mijina ya rasu na dawo gidan mahaifinmu a Sabon Gari, inda Chaibu yake zaune da matarsa Balkisu, 'yar Tsibiri, mace mai irin haƙurin da ni ban ga amfaninsa ba. Gaban ɗakina akwai fili, taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance. A nan na yi lambu: yakuwa, kuɓewa, zogale bakwai, lemun tsami ɗaya. A kan wannan fili muka yi shekara uku muna ja-in-ja.

Shekara talatin da ɗaya Chaibu ya yi yana jan kamiyon wani Alhaji tsakanin Maraɗi da Faraku ta ƙasar Benin, inda layin dogo da ya taso daga bakin teku ya tsaya. Yakan yi kwanaki a tashar jirgin, wadda su direbobi ke ce wa gar, yana jiran a sauke kaya. Sauran direbobi suna karta, shi yana tsugune bakin layi yana kallon ƙafafun jirgi. Tun muna yara ake cewa jirgi zai zo Maraɗi. Yanzu ma ana cewa yana tafe daga Kano. Chaibu ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya, ya yi shekara guda a kujera yana kallon bango, sannan wata rana ya yanke wa kansa cewa ya gaji da jira.

Ban san ya yanke ba. Na je suna Tsibiri na kwana biyu, na dawo na tarar an tuge yakuwata kaf, an tara ta gefe guda tana yaushi, an ja igiya a ƙasa ta zagaye filin.

Na ce, "Chaibu, wa ya yi mini wannan ɓarna?"

Ya ce, "Layi zai bi ta nan, Yaya."

"Wane layi?"

"Na jirgi."

"Ka tambaye ni?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi. "Gidan ubanmu ne."

"Ubanmu ne ya shuka yakuwar?"

Balkisu ce ta ja ni ɗaki. Ta ce tun da ya bar tuƙi, jiya ne kawai ya cinye abincinsa har ya suɗe hannu. Ban ji tausayinsa ba. Na dai ga da ya bushe mana a kujera gara ya dame ni a waje. Na fito na gindaya masa sharaɗi a gabanta. Na ba shi damina uku. In layin ya ƙetare damina guda cif ba a sake shimfiɗa shi ba, jirgin ya zagaya filin sau ɗaya bayan ruwan ƙarshe, filin ya zama nasa. In damina ta uku ta wuce bai yi ba, ya kwashe ƙarafansa, kuma da hannunsa zai maido mini da yakuwata, da ciwon bayan nasa da komai.

Ya ce, "Guda ta ishe ni."

Gaskiya ɗaya zan faɗa, jirgin kansa ya yi kyau. Kan jirgin bai wuce tsawon kamun hannuna ba. Ya ƙera shi da langa-langa, ya sa masa injin abin goge gilashin mota da batirin moto, wato babur. Taragu shida ya yi da gwangwanin sardin. Layin siririn ƙarfe ne guda biyu, tsakaninsu yatsa huɗu, a kan guntayen katako da ya yanko daga akwatunan shayi, shi yana ce musu matasai. Ya gina tashoshi uku da laka, ko wace da allonta: Gar Maraɗi a bakin ƙofata, Gar Tsibiri gindin lemun tsami, Gar Jiratawa can kusurwar da indararon ɗakina ke zubar da ruwa. Na ga kusurwar, na san abin da take yi da damina, tun da shekara tara nake zaune da ita. Bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba.

Da rani jirgi ya yi ta zagaya. Maƙwabta suka yi ta shigowa, har da dattawan masallaci masu cewa sun zo gaishe ni ne. Ba wanda ya taɓa zuwa gaishe ni kafin jirgin.

Aka yi ruwan fari, aka yi na biyu. Wata safiya ya kunna jirgi, ya tashi daga Maraɗi da ƙarfinsa, kafin ya kai Tsibiri layin ya lotsa, jirgin ya kife. Chaibu ya ɗaga matashi ɗaya, ya murmushe a hannunsa. Gara ta cinye cikinsu duka, ta bar fatar waje. Ta hau ƙofofin tashoshin, ta ci har da allunan.

Na ce, "To, gara ta ci gar. Saura biyu."

Shekara ta biyu ya shiga yaƙi da gara. Ya samo jarkar baƙin mai daga gareji ya jiƙa sababbin matasai, abin da ya rage ya kwarara a ƙasa. Gara dai ta ja da baya. Lemun tsamina kuwa, wanda na yi shekara shida ina ba shi ruwan wanke-wanke, ya zubar da ganye cikin mako uku ya mutu a tsaye. Chaibu ya ce dama ya tsufa.

Sai ya zuba siminti a ƙarƙashin layin, siriri kamar waina, ya ɗaure ƙarafan baki da baki ba ko ɗan sarari. Da bazara ta kai inda take kaiwa a garin nan, wata azahar muka ji ƙas, muka fito muka ga layin ya gantsare ya yi kamar maciji. Ƙarfe ya ji rana ya miƙe, bai sami wurin zuwa ba. Wannan shi da kansa ya gano, ya bi ya yanke gaɓa-gaɓa ya bar sarari, na ba shi wannan. Amma siminti ya riga ya tsage. Da marka ta kama, ruwan indararo ya bi ta tsagar ya rarake ƙasar da ke ƙarƙashi. Rana ɗaya aka yi ruwa tun daga hantsi har la'asar. Gar Jiratawa ta narke ta koma taɓo, layin ya rataye a iska, taragu huɗu suka bi ta rariya suka fita titi. Idirisa mai shayi ne ya kawo mana biyu, yana riƙe da su da yatsa biyu, ya ce, "Malam Chaibu, jirginka ya sauka a tasharmu, ba fasinja."

Na ce, "Saura ɗaya."

Chaibu ya karɓi taragun ya shige ɗaki. Tun daga ranar ya rage cin abinci, Balkisu ta fara bina da ido a tsakar gida kamar ni ce ruwan.

Muna da taubashiya, Saudatu, ɗiyar kawunmu, tana aure a Jiratawa, ginin tukwane ne sana'arta. Takan kawo tuluna kasuwa ta biyo ta wurinmu ta sha ruwa. Ita kaɗai ce a duniya ke iya faɗa wa Chaibu abin da ta ga dama, don wasan taubasai ya ba ta wannan dama. Ta zo da rani, ta tarar da shi tsugune yana tara ƙasa da shebur yana shafa ta da tafin hannu. Ta tsaya da buta a hannu ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

"Kai bawana, mi kake yi haka? Lallashin ƙasar kake?"

"Aikin maza ne, ba ki gane ba."

"Aikin maza ne ya tahi kwata bara? Ƙasa ba a shafa ta, dukanta ake. Tsakar ɗakin uwata shekara arba'in da daɓe, ruwa ya sha shiga, ko tsaga babu. Kuma wa ya ce maka a sa icce a ƙasa? Ka taɓa ganin gara ta ci tulu?"

Na ga kunnensa ya motsa. Ya ji sarai. Marmara da makuba a daɓe ƙasa, matasai na gasasshen yumɓu, shi ke nan maganin abin da ya hana shi barci shekara biyu, ga mai maganin zaune a kan turmi tana cin goro. Abin da ya rage ya buɗe baki. Sai ya ce, "Ku mata kun cika surutu," ya ci gaba da shafa ƙasa.

Da za ta tafi Balkisu ta raka ta zaure tana roƙonta a asirce. Saudatu ta ɗaga murya yadda zai ji. Ta ce gayyar daɓe ba a aike take ba. Mai aiki ne ke zuwa da ƙafarsa da goronsa ya roƙi mata da bakinsa, haka suka tarar ana yi, ba kuma za su sake don direban sardin ba.

Balkisu ta dawo kaina. "Yaya, ke ki je mana, ai ke ce babba."

Na ce, "Ni? In je in roƙo a ƙwace mini fili? Balkisu, ki riƙa tunani kafin ki yi magana."

Abin da ya yi maimakon roƙo shi ne abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ya ji an ce makuba daga ɗorawa ake yin ta. Bai san da ɓawon ake yi ba, wanda ake jiƙawa har ruwan ya yi ja ya yi kauri. Kowace yarinya a Tsibiri ta san haka, matarsa ta san haka, tana zaune taku biyar daga inda yake. Ya tafi kasuwa ya sayo tiya huɗu ta garin ɗorawa, wannan rawayan mai zaƙi da ake sha, ya dama shi a baho, ya yayyafa wa hanyar jirgi tun daga Maraɗi har Jiratawa, ya bi da guntun katako yana bugawa.

Kafin azahar tururuwa ta rufe layin baƙi ƙirin. Kafin la'asar ƙudaje da zuma. Akuyar maƙwabta ta tsallako katanga da 'ya'yanta biyu, suka lashe hanyar tas, suka ture Gar Tsibiri, suka gama da zogalena uku a kan hanyarsu ta fita. Na fito na tarar da shi a tsakiyar fili da katako a hannu, wandonsa rawaya har gwiwa.

Na ce, "Fura ka dama wa awaki?"

Ya sunkuya yana kakkaɓe wandon.

"Shekararka sittin da tara, Chaibu. Kalma biyu ce. Yara ma suna faɗinta."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, bai fi wata guda ya rage ba. Ran wata Talata na ga ya sa babbar riga, ya sayi goro ƙwarya guda, ya hau kabu-kabu. Ya dawo da magariba da goronsa. Daga baya Saudatu ta gaya mini ya zauna awa uku a ƙofar gidanta, ya yi zancen tsadar taki, da ramukan hanya, da ciwon baya, ya sha ruwa, ya yi sallama.

Ran Alhamis na ce tare za mu je. Ba don in taimake shi ba, so nake in gani da idona. Muka tarar da Saudatu da mata biyar a inuwa suna gini, kowace da tulu tsakanin ƙafafunta. Aka gaisa. Ya ajiye goro. Ya gyara hula.

Ya ce, "Na ce bari in biyo in ga ko kuna da sarari kwanan nan."

Saudatu ba ta ɗago ba. "Muna da shi. Sai mi?"

"Akwai ɗan aiki can gida."

"Allah ya ba da sa'a."

"Aikin daɓe ne."

"Madalla. Daɓe na da kyau."

Matan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Chaibu ya sake gyara hula. Ya dube ni, na dubi bishiya. Ya miƙe tsaye, na ce a raina shi ke nan, yakuwata ta dawo. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya ya ba mu baya, ya daɗe a haka. Sannan ya juyo, da wata murya kamar ana cire masa haƙori.

"Saudatu. Don Allah ku zo ku yi mini."

"Ban ji ba, kunnen nan ya tsufa."

"Don Allah, na ce!"

Wata tsohuwa a cikinsu ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na san a nan na yi asarar filina.

Ɓawon ɗorawa buhu biyu Balkisu ta aika aka kawo daga gonar gidansu a Tsibiri, aka jiƙa kwana uku. Saudatu ta karɓi guntun layi ta auna da tsinke, ta gina matasai ɗari huɗu da 'yan kai, kowane da gurbi biyu inda ƙarfe zai zauna, ta gasa su tare da tulunanta. Ran aikin mata tara suka zo da madaɓansu. Abu na farko da Saudatu ta yi, ta tsaya ƙarƙashin indararo ta dubi sama ta dubi ƙasa.

Ta ce, "Wane mahaukaci ya gina tasha a nan?"

Ta sa aka matsar da Gar Jiratawa taku uku, aka jera fasassun katanga na tukwane inda ruwan ke dira, aka ja masa hanya ta ƙarƙashin layi zuwa rariya, aka sa wuyan fasasshen tulu ya zama gada. Suka ɗaga hanyar jirgin kamu guda da marmara, tsakiya ya fi gefe tudu. Suka durƙusa a jere, ana yayyafa makuba suna duka, suna waƙa, kuma duk waƙar a kansa take, da akuya, da garin ɗorawa. Shi aka sa ɗebo ruwa. Sau biyu ya buɗe baki zai gyara musu, Saudatu ta nuna masa madaɓi ya rufe. Da suka gama hanyar ta yi ja tana ƙyalli, in ka ƙwanƙwasa tana amsawa kamar ƙwarya.

Daminar bana ba ta yi wasa ba. Katangar Idirisa ta faɗi, soron maƙwabtanmu ya yi yoyo. Duk ruwan da aka yi sai Chaibu ya fita da buhu a ka ya tsaya yana kallon yadda yake gangarewa ta wuyan tulu. Ni ma ina leƙawa ta taga, amma ni da wata fata daban. Gara ta zo ta yi 'yan hanyoyinta a kan matasan, ta rasa abin ci, ta koma kan ƙyauren ɗakina.

Da aka fara yankan gero muka tabbata ruwa ya ɗauke. Chaibu ya sa rana. Saudatu ta zo da matanta, Idirisa ya rufe teburinsa, dattawan nan suka sake zuwa gaishe ni. Na fito da kujerata na zauna a bakin Gar Maraɗi, don ni ce alƙali. Ya ɗora jirgi, ya haɗa waya. Jirgi ya tashi. Ya wuce kututturen lemun tsamina, ya wuce Tsibiri, ya hau gada ya ɗan yi tangal-tangal har Balkisu ta kama hannuna, na fizge. Ya wuce Jiratawa, ya sha kwana, ya zo ya tsaya daidai ɗan yatsan ƙafata.

Na ce, "Ya zagaya. Filin naka ne." Na ɗauki kujerata na shiga ɗaki. Ban ga dalilin tsayawa guɗa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe abin da Saudatu ta buɗe ba ya rufuwa. Mutumin da ya yi shekara sittin da tara bai ce a miƙo masa miya ba, yanzu ya ishi unguwa. Ya roƙi Idirisa gwangwanaye. Ya roƙi mai akuya ya ɗaure ta. Ya roƙi matan Jiratawa su riƙa zuwa kowace shekara kafin ruwan fari, kuma sun yarda, don sun ce waƙar ba ta ƙare ba.

Shekaranjiya da hantsi ina tsince shinkafa sai na ji sallama a ƙofar ɗakina. Chaibu ne, da babbar riga, a cikin gidan da aka haife shi. Ya ajiye goro biyar a bakin tabarmata ya tsuguna, bayan nasa yana ƙara.

Na ce, "Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Yaya, tun da aka cire shukar nan filin ya zama faranti. Rana na dukan ƙarfen tun safe, sararin da na bari ba zai ishe shi ba in bazara ta zo. Tsakiyar kuma ba abin da ke riƙe ƙasa."

"Filinka ne. Ka shuka sardin."

Ya juya goro ɗaya da yatsa. "Ni ban iya ba. Duk abin da na dasa mutuwa yake."

"Na sani. Na ga lemun tsamina."

Na ci gaba da tsintar shinkafata. Ba ni da niyyar rage masa hanya ko taku ɗaya.

Ya ce, "Don Allah, Yaya, ki maido da zogalenki da yakuwarki tsakiyar layin. Ki shuka yadda kike so, ni zan ɗebo ruwa. Sai dai in kin zo ƙetarewa, ki riƙa ɗaga ƙafa."